Sunan da Ke Kusurwar Zane

Ni mai zanen gini ne tun zamanin fensir da takarda. Shagona yana Fagge, a saman bene, ƙasa kuma 'yan atamfa ne. Da ɗana na fari ya gama karatu sai ya kawo kwamfuta, ya koya mini zane da ita. Na koya, amma ban wuce jan layi da awo ba.

Kowane zane yana da ɗan akwati a kusurwar ƙasa, inda ake sa sunan wanda ya zana da ranar da aka gama. Cike shi da hannu ya ishi yaron, sai ya rubuta wasu layukan umarni, yana ce musu sikirif. Da ka adana zane, su za su cike akwatin, su sa rana, su kulle fayil ɗin kada wani ya taɓa bisa kuskure. Sunansa ya sa, don a lokacin kusan duk aikin shi ke yi.

Sunan nan ban taɓa kiransa da bakina ba. Ɗan fari ne, haka muka taso. "Kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "yaron nan". Ko yabonsa aka yi a gabana, kau da kai nake yi.

Da damina ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Da aka share makoki na koma shago, na zana wa wani mutum jerin shaguna. Ina adanawa allon ya ƙifta, akwatin ya cike kansa. Sunansa ne, da ranar da muke ciki. Na waiga. Kujerarsa tana nan inda ya bar ta, fanka tana kaɗa kalandar bango.

Na san aikin inji ne. Duk da haka sai ya zama kullum tare muke gama aiki, ni in ja layi, shi ya sa suna. Na fara jinkirta adanawa zuwa la'asar, lokacin da ya saba tashi. Wata safiya na ji kaina ina sallama a ƙofar shagon da ni na buɗe kwaɗonsa, har na ɗan tsaya ina jira.

Injiniyan da ke sa mana hannu a zane ne ya kawo ƙarshen abin.

"Malam, wannan ba zai yiwu ba," ya ce. "Jiya wani ya ce in haɗa shi da mai sunan nan, yana da tambaya a kan matakala. Me zan ce masa? A gyara duk waɗanda ka yi bayan rasuwar, in ba haka ba hannuna ba zai hau ba."

Na sa kwamfutar a adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, wurin wata mai gyara da suka yi makaranta tare da yaron. Ta zo gaisuwa lokacin makoki, shi ya sa na san ta. A shagon na tarar da wani dattijon unguwarmu ya kawo waya, muka gaisa, ya zauna kusa da ni.

Ta buɗe layukan tana karantawa, sai ta yi dariya. "Baba, ka ga aikinsa? Malalaci mai wayo. Abin da zai yi sau biyu sai ya ɗora wa inji." Dariyar ta tsaya ita kaɗai. Ta goge ido da bayan hannu.

"Zan sa sunanka," ta ce. "Sai dai fayilolin a haɗe suke, naka da nasa. In zauna in ware waɗanda shi ya zana, a bar masa sunansa? Ko in saki sikirif ɗin ya bi duka?"

Dattijon yana kallona. Ban taɓa nuna wani abu game da yaron nan a gaban mutane ba, bakina bai san hanyar ba. Na ce, "Yi yadda ya fi miki sauƙi."

Da ƙanena ne ke zaune a kujerarta, da ya gane, ya ware su bai sake tambaya ba. Ita ta ɗauki maganar yadda na faɗe ta. Ta danna, ta ɗauke hannunta.

Zanukan suka fara buɗe kansu suna rufewa, ba mai taɓa komai. Ga gidan da ya fara zanawa, mai ƙofar da muka yi gardama a kanta. Ga wata makarantar Islamiyya, ga bene mai matakala a waje. Kowanne ya leƙo, sunan ya sauya, ya wuce. Waje ana ta kiɗa da hayaniyar masu janareto, amma ni kamar ina tsaye a bakin hanya ana wucewa da wani abu a kafaɗa. Kafin dattijon ya gama labarin wayarsa, allon ya tsaya.

"An gama, Baba."

Na yi mata godiya. Ban tambaye ta ko ana iya mayarwa ba.

Bayan wasu watanni wani Alhaji ya hau shagon, yana son ƙarin ɗaki a gidansa. Na buɗe tsohon zanen. Ya sunkuya ya karanta kusurwar.

"Ashe kai ka zana mini, Malam? Wallahi na ɗauka yaronka ne, mai yawan tambayar nan. Har inda matata ke shanya sai da ya tambaya."

"Shi ne," na ce.

Ya sake duban allon, ya dube ni. Sai ya ce Allah ya jiƙansa, muka koma maganar ɗaki.