Kawu Audu Mai Sauraron Bango

Ku da kuka san Kawu Audu magini, yayan mahaifiyata, kun san ba a gama gaisawa da shi a tashi ɗaya. Kana tsakiyar "ina gajiya" zai ɗaga maka hannu, ya juya ya ƙwanƙwasa bangon da ke kusa, ya kara kunne. Sai ya gama da bango sannan ya dawo kanka: "To, ina iyali?"

Ranar da ya raka ni neman aure a unguwar Barkin Sale, ana cikin magana ya miƙe ya ƙwanƙwasa bangon zauren mutane, ya ce, "Alhaji, yarinya kam mun yaba, amma bangon nan ƙarya yake yi." Wallahi ji na yi kamar in nutse a wurin. Damina biyu aka yi bangon ya zube, kuma har gobe surukina cewa yake yi bakin Kawu ne.

Amma duk duniya ba abin da yake so kamar tsohon masallacin Juma'ar unguwarmu. Kakansa na cikin waɗanda suka gina shi, tun jirgin ƙasa yana baƙo a Minna. Ginin ƙasa ne zalla, kaurin bangonsa ya kai mutum ya kwanta a kai. Ginshiƙai shida ke ɗauke da shi, daga kowanne bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa can sama, azara a jere a tsakani kamar saƙar tabarma. Kawu ne ke yi masa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Ba ya auna kwaɓi da komai sai harshensa. Zai dangwala ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Da saura, a ƙara tattakawa."

Kun tuna shi bayan an ɗauke ruwa? Da daro da tsintsiya a gindin bango, yana tattara ƙasar da ruwa ya wanko. Wata rana wani mai Keke mai ƙafa uku ya bi ta kan tarin da ya yi. Kawu ya bi shi da gudu, dattijo guda, yana "Tsaya! Tsaya!" Mutumin ya ɗauka wani ya buge.

"Baba, lafiya?"

"Kankare tayarka."

"Tayata kuma?"

"Ƙasar masallaci ce a jiki. Kakana ya ɗauko ta a ka. Ba za ta bi ka tasha ba."

Haka bawan Allah ya tsuguna da tsinke yana kankara, fasinjoji suna jira.

Ni kuwa, Allah da ikonSa, sai na zama mai sayar da siminti. Kawu bai taɓa taka shagona ba. Daga tsallaken titi yake tsayawa ya ɗaga murya: "Mai toshe hancin gini, an tashi lafiya?" A wajensa gini numfashi yake yi, siminti kuma shaƙe shi yake yi.

To, sai ga shekarar da kwamitin masallaci ya ce za a rushe tsohon ginin a yi na bulo mai hawa biyu. Jama'a ta yi yawa, har an kafa rumfar kwano a gefe, ga kuma tsagewa ta fito a ginshiƙi ɗaya. Aka gayyato wani injiniya daga jami'a, aka sa zama a cikin tsohon ginin bayan azahar, ana tsakiyar zafin bazara. Ana sallamewa Kawu ya ce kowa ya fita zai share. Da muka dawo, ƙofa a kulle, shi kuma yana ta laluben aljihu.

"Kash! Makulli ya ɓace. Sai dai ku zauna a sabuwar rumfarku."

Muka zauna. Ba wuta, fanka ko motsi. Kwano ya ɗau zafi, gumi har cikin ido. Shugaban kwamiti ya cire babbar riga, ya cire hula, yana fifita da takardar zanen sabon ginin. Sai da muka dahu lilis Kawu ya cire hularsa, makulli ya faɗo.

"Au, ashe nan yake."

Liman ya ce, "Audu, ka ji tsoron Allah!" Amma shi ya fara shigewa. Kai jama'a! Sanyi kamar ka leƙa cikin randa. Ba a yi minti biyar ba wani dattijo ya fara gyangyaɗi.

Injiniyan dai mutumin kirki ne, ya ce, "Baba, sanyi daban, rai daban. In ginshiƙin nan ya sake, mutane ne a ƙasa." Nan dariya ta ɗauke. Sai Kawu ya miƙe. Ya je ya ƙwanƙwasa mai tsagewar, ya saurara, ya ce, "Wannan fata ce kawai ta tsage." Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya a wanda ya fi kowanne sumul, wanda aka shafe da siminti.

"Mai ciwon ga shi nan. A fasa."

Aka fasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo, gara na yawo a ciki. Damshi ya shiga ya rasa hanyar fita. Kawu ya waiwayo a hankali: "Wane mai albarkar ne ya ba da simintin nan?" Ya sani sarai. Ni ne, sadaka na yi lokacin da ya je jinya Wushishi. Duk masallaci aka zuba mini ido.

Injiniya ya yarda a gyara ginshiƙin da ƙasa, a yi sabon ginin a gefe, amma da sharaɗin ba za a tsallake yaɓe ko shekara ɗaya ba. Kawu ya ce muddin yana numfashi. Liman ya ce, "In ba ka fa?" Sai Kawu ya juyo ya kalle ni.

Bana ce bazarar farko bayan rasuwarsa. Na rufe shago kwana tara, na naɗe wando, na shiga kwaɓi da ƙafata. Ana cikin aiki sai na ji Liman ya fashe da dariya, ashe na dangwala na kai baki ban sani ba. Na tofar, na ce, "Da saura." Daga nan sai hawaye kawai.

Allah Ka jiƙan Kawu Audu. Yadda ya sanyaya wa bayinKa wurin sujada, Ka sanyaya masa makwancinsa. Amin.