Janar ya ce kar a taɓa irin albasar sai ya komo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina bakin fadama da safen nan ɗiyarsa ta kira ni. Ta ce, "Baba Saje, Baba ya cika." Na ce mata wane Baba? Wallahi haka na tambaye ta.

Janar ya rasu a asibiti a Birnin Kebbi. Cewa ya yi za shi a duba shi kawai.

Ina ta rubutu ina gogewa, ban san ta inda zan fara ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, tun ina kurtu nake ƙarƙashinsa, shi kuma yana ƙaramin hafsa. A gabana ya yi ta hawa har ya kai Manjo Janar. Ni dai a Saje na tsaya, kuma ban taɓa jin haushi ba, don kowa ya san kaina da karatu ba sa shiri.

Ba ya cin abinci sai ya ga yaransa sun ci. Da matata ta haihu muna aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, ragon sunan da ya aika ya isa gidana tun kafin labarin ya iso ni. Bai taɓa ɗaga maganar ba.

A can ne ya bar mu a bakin wata gada, mu kaɗan, ya ce min da Hausarmu ta gida, "Ku tsaya nan sai na komo." Rediyo ya mutu, ruwa ya ƙare. Wasu suka ce mu janye, na ce Oga bai ɗage oda ba. Muna nan har sai da muka hango shi tafe a ƙasa, motarsa ta lalace a hanya, da jarkar ruwa a kafaɗa.

Tun ranar, in ya ce zai komo, ba na sake tambaya.

Da muka yi ritaya ya dawo Argungu ya kama noma, ya jawo ni. Manoma sun sha dariyarmu, don Janar ba ya dashe sai da igiya. Albasa ma sai ta tsaya a layi kamar masu fareti.

Bana ya samo irin albasa mai kyau daga Augie, ya rene shi da hannunsa a fangali, wato ɗan gadon shuka na ban ruwa. Ranar da zai tafi asibiti ya biyo ta gona, ya tsuguna ya daɗe yana kallon fangalin. Na ce, "Oga, irin ga ya isa dashe." Ya ce, "Awo, na gani. Amma ni ka dasa shi da kaina. Kak ka taɓa shi sai na komo, ka jiya?" Na ƙame na sara masa da wasa, ya yi dariya ya shiga mota.

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Yanzu irin yana neman wuce lokaci. In ya ƙara kwanaki zai fara yin kai a fangali, wahalarsa ta bana duk ta tashi a banza. Bayan na ajiye wayar ban san me na yi ba, sai ganina na yi ina ba shi ruwa. Ban ruwa dai bai hana ba.

Mutane suna ta sa hotunansa da kaki da lambobi, ni kuma hankalina yana kan albasa. Ina jin kunyar haka, amma gaskiyar ke nan. Na san ya rasu, an ce bayan la'asar za a yi jana'iza. Kuma duk motar da ta sauko hanyar fadama sai na ɗaga kai.

Ɗiyarsa ta sake kira ɗazu. Cikin kuka ta ce, "Baba Saje, jiya ma sai da ya tambayi albasarshi."

Gobe in Allah Ya kai mu zan ɗauki igiyarsa in dasa. Ban sani ba ko daidai ne. Wannan ne karo na farko da zan saɓa umarninsa.

Allah Ya jiƙan Janar, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, Allah Ya ba ni ƙarfin hannu gobe.