Takardar Mutuwar Kawu Mani

Jinaidu ɗan Abdulwahabu mahauci, na Ƙofar Rini, shi ne na farko a zuriyarsu da ya ga jini ya suma. Yana shekara tara aka ba shi ƙafar bunsuru ya riƙe, sai ga bunsuru a kwance, Jinaidu ma a kwance, har aka tsaya shawarar wanda za a fara feɗewa. Ubansa ya ce wannan ba shi da amfani a mahauta, a kai wa Nasara. Haka ya shiga elamantare, ya wuce Midil, ya fito da Turancin da ko kaza zai kora sai ya haɗa mata da shi.

A 1958 gwamnati ta tura shi ƙasar Sudan, wani ƙaramin ofishi mai kula da alhazan da ke tafiya Makka ta ƙasa. A Sakkwato aka baza cewa an naɗa shi jakada, da sarakuna yake cin tuwo. Gaskiyar magana, tebur ne da fanka mai kuka da hatimi guda. Amma hatimin nan ba abin wasa ba ne. In ya buga shi a wata takarda, mutum ya ƙetare iyaka. In ya buga a wata, mutum ya mutu, matarsa ta shiga takaba.

To, akwai Kawu Mani, ƙanen uwar Jinaidu, wanda ya tafi hajji a ƙafa shekara bakwai kafin nan, ba wasiƙa ba saƙo. Matarsa Ashatu ta ƙi zuwa gaban alƙali a raba auren, ta ce sai ta ji da kunnenta. Ranar da Jinaidu zai tashi ta roƙe shi ya nemo mata mijin, ko kabarinsa.

Wata biyar da zuwansa aka kawo masa takardun hanya na alhazan da annoba ta kashe a bakin teku. A ciki ya ga an rubuta Mani ɗan Aƙilu, Sakkwato. Wani dattijo da ya shekara talatin a ƙasar, Baba Lawali, ya ja shi gefe ya ce ya bi a hankali. A hanyar nan, in ji shi, takarda yawo take yi. Wanda guzurinsa ya ƙare ya tsaya noman auduga, sai ya ara wa abokin tafiya tasa ya ƙetare teku, tunda ba hoto a jiki, dangwalen yatsa ne kawai. A nemo mutum biyu da suka wanke gawar tukuna. Jinaidu ya gyara zaman tabarau, ya ce su a Midil an koya musu takarda ba ta ƙarya. Ya buga hatimi, ya aika gida.

Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ashatu ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaka. Da ta fita, Illo ya aure ta, wani mahauci da sai ya sunkuya yake shiga zaure, wanda tun da aka haife shi ba a ga haƙorinsa ba. Ta haifa masa 'ya, Sadiyatu, aka ce ranar suna an ga haƙori biyu.

Aka samu mulkin kai, aka canja tuta a ƙofar ofis, aka ƙara wa Jinaidu girma zuwa mataimakin ƙaramin jakada, ya sayi kwat a ƙasar da ƙwai ke dahuwa a aljihu. Wata Talata da hantsi ya lura da wani siririn mutum a layi, ba ya turereniya, kowa ya zo sai ya ba shi hanya, idonsa na kan tebur. Sai da kowa ya watse ya matso.

"Jinaidu, ba ka gaida kawunka?"

Alƙalami ya faɗi. Mani ne, da tabon wuƙa a babban yatsa. Ya ce shekara takwas ya yi a gonar auduga, takardarsa ya ara wa wani Bagobiri bai dawo da ita ba. A bana ya samu ya sauke farali, yanzu gida yake so, a buga masa takarda.

Jinaidu ya yi karatun zaure kafin boko, ya san hukuncin. Matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta ta yi wani aure, in mijin ya dawo tasa ce, ko ta haifi goma. Ya kuma san a littafin ofis Mani gawa ne, in bai buga hatimi ba babu iyakar da zai ƙetare. Sai ya ce tawada ta ƙare, a dawo gobe. Gobe ya ce babban jakada ya fita. Kwana tara yana haka. Kullum da safe Mani na gindin bishiyar ƙofar ofis, bai yi fushi ba, bai yi tambaya ba, kallo kawai. Jinaidu ya rame har kwat ɗin ta fara tafiya ita kaɗai.

Rana ta goma ya kira shi ciki, ya durƙusa, ya faɗa masa komai. Ya ce zai sama masa aikin gadi a nan, ya nema masa mata cikin 'yan ƙasarmu da ke zaune a garin.

Mani ya ɗago kai ya dube shi.

"Wane Illo? Wanda ni koya ma fiɗa?"

"Shi, Kawu."

"Na sake ta?"

"A'a, Kawu."

"To buga."

Ya buga. Hatimin ya goce har ya fito biyu.

Ya aika wayar tangaraho gida tun kafin Mani ya hau mota, don haka Ƙofar Rini ta yi wata biyu tana jiran mamaci. Aka ce an gan shi a Yarwa ta Barno. Aka ce ya kwana Kano. Da aka ce ya iso Gusau, mata suka daina daka a gidan Illo. Da Mani ya iso, alƙali bai ɓata lokaci ba, ya raba auren Illo, ya ce bayan idda ta koma ɗakinta na fari. Ashatu ta fito da Sadiyatu a goye, ba ta yi kuka ba, ba ta kalli kowa ba, kuma har yau ba wanda ya ji ta ambaci sunan Jinaidu.

Illo bai yi faɗa da Mani ba. Cewa ya yi Mani bai rubuta komai ba.

Sau biyu Jinaidu yana ture hutunsa, yana cewa aiki ya yi yawa. Na uku gwamnati ta ce dole, ta haɗa masa da tikitin jirgi. A mako guda wasiƙar uwarsa Hajjo ta iso da rubutun ajami. Bayan gaisuwa ta ce kowa lafiya, an yi ruwa, gero ya yi kyau. Ta ce Illo ya daina fita kasuwa da wuri. Duk ranar da motar Gusau za ta shigo yana tasha tun safe, yana duba masu sauka ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ya tambayi direba ko akwai wani mai tabarau da ya tsaya a hanya.