Taron Ya Sauko Ƙasa

Mai karɓar baƙi a cibiyar binciken lafiya ba ta san matar ba, amma ta kasa ɗauke ido daga kanta. Matar tana zaune kan keken guragu a gindin matakalar bene, farin idonta ya yi rawaya irin na masu ciwon sikila. Tafin hannunta ya yi kanta saboda murza taya, zobenta kuwa sai ƙyalli yake. Ƙila malamar makaranta ce, don tana da kallon nan da ke sa aji ya yi tsit.

A sama likitoci ke taron tsara sabon bincike kan ciwon, su ne ma suka gayyato ta. Masu gadi biyu sun naɗe hannun riga za su ɗauke ta.

"A'a, ƙannena, Allah ya saka," take cewa tana murmushi. "Ni ba buhun siminti ba ce. Ku gaya wa likita shawara na zo bayarwa, ba jini ba. In a bene za a yi binciken, waɗanda ciwon ya fi ci ba za su taɓa shiga ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ta ja birki, ta harɗe hannuwa, ko agogo ba ta dubawa.

Can sai ga babban likita yana saukowa rungume da kujera, sauran na biye. Matar ta ɗan matsa da kekenta.

"Bismillah, likita, zauna. Akwai wuri."