Kunci a Jikin Bango

Kamalu, ɗalibin injiniya daga Lyon, ya zo bakin tafki da na'urarsa ta gano inda sanyi ke shiga gida, amma kallon wani tsoho ya ɗauke masa hankali. Gemunsa fari fat, hannuwansa duk faso, yana gina gida da gumaguman itace shi kaɗai. Wataƙila tun yana saurayi yake wannan aiki. Iska tana yankan kunne, amma ya tuɓe hula, ya manna kuncinsa a bango yana laluben kafa. Da ya same ta, sai ya cusa gansakuka.

"Baba, gwada wannan," in ji Kamalu da Faransanci.

Tsohon ko kallon na'urar bai yi ba. "Matata ce za ta kwana a nan. Na'urarka ta taɓa jin tarinta?"

Kamalu ya mayar da ita aljihu.