Ni da Mai Wankin Hula Ranar Zaɓe

Shekarar da muka gudo daga Borno, wani dattijo mai wankin hula ne ya ba ni ɗaki a gidansa a unguwar Nassarawo. Mutumin Nijar ne, amma ya daɗe a Jimeta har Fulatanci ya zauna a bakinsa. Bappa kowa yake ce masa.

Ranar zaɓe unguwa ta yi tsit, kowa ya tafi layi. Katina yana aljihu, sai dai rumfar da aka rubuta a jikinsa tana firamaren garinmu, inda ba mai iya takawa a lokacin. Na fito na tarar da Bappa yana shanya huluna.

"Malam, ba ka tafi ba?"

Na nuna masa katin. Ya goge hannu, ya shiga ɗaki, ya fito da ɗan littafin tafiya na ƙungiyar ƙasashen yankinmu, duk ya sha hatimi.

"Wannan ya ba ni shiga, ya ba ni zama da sana'a," in ji shi. "Dangwale ne bai ba ni ba."

Na ce ai ƙasarsa tana da ƙuri'a a ƙungiyar. Ya ce wannan ta shugabanni ce. Shi yana jiran ranar da za a kafa akwati ɗaya daga nan har bakin teku, ni da shi mu bi layi ɗaya. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Daga baya na mayar da katina Jimeta. Zaɓen da ya biyo, Bappa ya raka ni, ya zauna a inuwa har na gama. Da na fito ya kama yatsana, ya daɗe yana kallon tawadar.

Sai sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu. Aka dakatar da ita, aka rufe iyaka, ƙarshe ta fice daga ƙungiyar. Babu wanda ya kore shi, amma 'ya'yansa na can suka matsa ya koma, kada wata rana hanya ta gagara. Ni na kai shi tasha.

Shagonsa na wankin hula yanzu wurin cajin waya ne. Nakan bi ta nan ko ba hanyata ba ce. In muka samu layin waya, bayan gaisuwa yakan tambaye ni ko ruwa ya cika tafkin Njuwa bana, da ko kansila ya gyara kwatar bayan masallaci. Har yau ba a gyara ba.