Gidan da Glenys Za Ta Dawo

Ƙaramar hukuma ta ɗaga titin Boolangra, ta juya bakin kwalbati ya kalli gidan Merv Zeller, ta kwashe motocinta ta tafi. Tun daga ranar, duk ruwan da aka yi a ƙarƙashin gidan yake kwana.

Kowa a nan ya san halin baƙar lakarmu. Ta sha ruwa ta kumbura, rani ya yi ta tsage har ƙafar ɗan maraƙi ta shige. Gidajenmu na katako a kan dirkoki suke, tare suke hawa da sauka da ita. Amma na Merv, gefen kicin kullum a jiƙe, gefen baranda a bushe. Dirkokin da ubansa ya kafa suka ruɓe, gida ya karkace kamar hular mashayi.

Ana cikin haka ɓarin jikin matarsa Glenys ya shanye. Da ta ɗan samu sauƙi, mutanen asibitin gari suka turo ma'aikaciya ta duba gidan. Ta ajiye keken guragu a falo, ta sake shi. Keken ya kama hanya shi kaɗai, bai tsaya ba sai da ya daki firji. Ta ce Glenys ba za ta dawo ba sai daɓen ya daidaita.

Masu sana'ar canza dirkokin gida suka ce sai baɗi. Merv, tsohon makanikin tarakta, ga gwiwa ta gama aiki, ya ɗauko jak ya shiga ƙarƙashin gida da rarrafe. Kaɗan-kaɗan yake ɗagawa, don in an yi gaggawa bango ya tsage. Ya tokare da katako, ya zare ruɓaɓɓiyar dirka, ya zurfafa rami har ya wuce inda laka ke motsi, ya kafa ta ƙarfe, ya zuba siminti. Duk wannan mutum ɗaya na iyawa.

Awo ne ba ya yiwuwa. Doguwar tiyo ce wadda ake ganin cikinta, a cika ta da ruwa, wani ya riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa, wani ya riƙe ɗaya a waccan, ruwa ya nuna inda ya sunkuya. Tun aurensu Glenys ke riƙe ɗaya bakin. Ita ke ɗiga jan lemo a ciki don a gani da kyau, tana tsugune tana ƙwala masa, "Ƙara sama, kurma!"

Dole ya kira maƙwabciyarsa Raelene.

"Ina ruwan ya tsaya?" in ji shi daga ƙarƙashi.

"Yana rawa."

"Hannunki ke rawa, 'yar nan. Jingina shi da dirka."

"Wa kake ce wa 'yar nan? Jikoki gare ni. Kai dai in gida ya danne ka, ba ni zan jawo ka ba."

"Kin sa lemon?"

"Wane lemo kuma?"

Can ya rarrafo waje, laka har gira, ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar Glenys, ya ɗiga da kansa. Raelene ba ta ƙara tsokanarsa ba ran nan.

Duk Lahadi ya sa rigar coci ya tafi asibiti. Harshen Glenys ya yi nauyi, amma tambayarta ba ta canzawa: "Ƙofar baya... tana rufuwa?" Rabon ƙofar da rufuwa tun da aka juya kwalbati. Ranar da ya kafa dirka ta ƙarshe a gefen kicin, ya tura ta, ta ce ƙyas. Ya buɗe, ya sake turawa. Ya daɗe a nan yana buɗewa yana rufewa, shayi ya huce a tebur kusa da kofinta. Lahadin nan ya ce mata, "Tana rufuwa, tsohuwa. Shirya kayanki."

Sai aka yi ruwan farko na kafin Kirsimeti. Kwalbati ya yi aikinsa. Da safe ƙofar baya ta ƙi.

Merv bai zagi kowa ba, ya ɗauki jak ya koma ƙarƙashi. Ni mai ba ku labarin nan, 'yar unguwarsu, ni ce mai bakin magana. Shugaban ƙaramar hukuma, da injiniyan da ya zana titin, da kansilan da ya sha shayin Glenys lokacin neman ƙuri'a: ba mu neman ku zo jaje. Ku turo motarku ku juya bakin kwalbatin nan ya kalli rafi, inda ruwan yake zuwa tun kakanninmu. Ku yi shi kafin ruwa na gaba. Matar nan ta riga ta ɗaure kayanta.